Émilie du Châtelet: Matar da ta fassara Newton kafin ajali ya riske ta

A watannin farko na shekarar 1749, wata mata mai shekara 42 tana zaune a birnin Paris da juna biyu, gabanta tulin takardu cike da lissafi. A wancan zamani haihuwa a irin waɗannan shekaru kasada ce babba, kuma wasiƙun da ta rubuta a lokacin sun nuna cewa ta sa a ranta da wuya ta tashi. Sai ta rage barci, ta janye daga tarukan manyan gari da ta saba zuwa, ta duƙufa a kan aiki guda: mayar da littafin Isaac Newton na ƙa'idojin motsi daga Latin zuwa Faransanci, tare da sharhi nata na kanta. Ta haihu a ranar 4 ga watan Satumba, ta rasu a ranar 10 ga watan, bayan ta miƙa aikin. Sunanta Émilie du Châtelet.

Ɗaliban lise a Damagaram da Garwa da N'Djamena suna haddace dokokin Newton uku da Faransanci, suna kuma koyon cewa ƙarfin da ke tattare da abu mai gudu yana bin gudun ne idan an ninka shi da kansa. Wannan mata tana da hannu a duka biyun. Ita ta shigar da cikakken littafin Newton cikin Faransanci, ita ce kuma ta yi ja-in-ja da sakataren Majalisar Masana Kimiyya ta Paris a kan lissafin gudu sau gudu.

Tasowarta

An haifi Gabrielle Émilie Le Tonnelier de Breteuil a Paris a ranar 17 ga watan Disamban 1706. Mahaifinta bafade ne, shi ke gabatar da jakadun ƙasashen waje a gaban sarki Louis na 14. Gidansu matattara ce ta marubuta da masana, kuma mahaifin ya yi abin da ba a saba yi wa 'ya'ya mata ba a lokacin, ya sa aka koya mata Latin da lissafi. Latin shi ne harshen da malaman Turai suke rubuta ilimi da shi, don haka wanda bai iya shi ba sai dai ya ji labari a bakin wasu. Ta kuma iya Italiyanci, daga baya ta ƙara da Ingilishi.

A 1725, tana da shekara 18, aka aurar da ita ga wani basarake kuma hafsan soja, Florent-Claude du Châtelet, wanda yawancin lokacinsa yana wurin aiki. Ta haifi 'ya'ya uku tsakanin 1726 da 1733, na ƙarshen ya rasu yana jariri. Mace ce mai son ado da kiɗa, tana kuma caca, har ta sha yin asarar kuɗi mai yawa a teburin karta. Amma daga 1733 sai ta koma wa lissafi gadan-gadan. Jami'o'in Faransa ba sa karɓar mata, Majalisar Masana Kimiyya ma ba ta ɗaukar mace a matsayin mamba. Hanya ɗaya da ta rage mata ita ce ta nemi malamai su koyar da ita a gida. Ta fara da Maupertuis, sannan Alexis Clairaut, matashin da ya shiga majalisar yana ɗan shekara 18 saboda hazaƙarsa.

A wannan shekara ta 1733 ta haɗu da marubuci Voltaire. Soyayya ce ta fara haɗa su, da sanin mijinta, kamar yadda al'adar sarakunan Faransa ta lokacin ta ƙyale, daga baya alaƙar ta koma abota da aikin ilimi. A 1734 hukuma ta ƙona wani littafin Voltaire da ya yabi Ingila, aka kuma ba da umarnin kama shi. Sai ya fake a gidan sarautar mijinta da ke Cirey, a gabashin Faransa. Ta bi shi can, suka gyara gidan, suka cika shi da dubban littattafai da kayan gwaje-gwaje.

Rigimar da ta tarar

Domin a gane girman aikinta, sai an san halin da ilimin motsi yake ciki a Faransa a lokacin. Newton ya fitar da littafinsa mai suna Principia a Landan a 1687, ya rasu a 1727. A cikinsa ya kafa dokoki uku.

Ta farko: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, sai in wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Shi ya sa idan direba ya taka birki ba zato, fasinjoji sukan tafi gaba. Motar ce ta tsaya, jikinsu bai tsaya ba. Abin da ke sa a ga kamar komai yana tsayawa da kansa shi ne gogayya da ƙasa da kuma iska.

Ta biyu: canjin gudu yana bin girman ƙarfin da aka sa, kuma gwargwadon nauyin abu gwargwadon wuyar canza masa gudu. Mai tura kurar ruwa ya san wannan a jikinsa. Turawar da za ta zabura kura fanko da ƙyar take motsa wadda aka cika da jarkoki.

Ta uku: duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai, ta fuskar da ta saɓa. Mai kwale-kwale yana tokare ƙasan kogi da gora ta baya, jirgin kuma ya yi gaba.

A kan waɗannan Newton ya ɗora ƙa'idar jan da ke tsakanin abubuwa. Ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne yake riƙe wata a kewayen duniya, yake kuma riƙe duniya a kewayen rana. Idan nisa ya ninka biyu, jan yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Yawancin malaman Faransa ba su yarda ba. Suna bin tafarkin ɗan ƙasarsu René Descartes, wanda ya rasu a 1650, wanda ya koyar da cewa sararin sama cike yake da wani abu marar ganuwa mai juyawa kamar guguwa, shi ke ɗauke da duniyoyi. A ganinsu, a ce rana tana jan duniya ba tare da wani abu ya haɗa su ba ya yi kama da tsafi. Akwai kuma kishin ƙasa a ciki, tunda Newton mutumin Ingila ne.

Sai aka sami abin da za a iya aunawa. Lissafin Newton ya nuna cewa juyawar duniya ta sa ta ɗan kumbura a tsakiya, ta ɗan baje a ƙuryar arewa da ta kudu. Awon da iyalan Cassini suka yi a Faransa kuwa ya nuna akasin haka. A 1736 malamanta biyu, Maupertuis da Clairaut, suka tafi yankin Lapland a can arewacin Turai suka yi awo, suka dawo a 1737 da sakamakon da ya goyi bayan Newton. A 1738 Voltaire ya fitar da littafin da ke bayyana ra'ayoyin Newton ga talakan mai karatu, kuma shi da kansa ya amsa cewa Émilie ta taka rawa sosai a cikinsa. Ta fi shi lissafi nesa ba kusa ba.

A tsakanin nan majalisar ta sa gasar rubutu a kan mene ne wuta da yadda take yaɗuwa. Voltaire ya shiga. Émilie ba ta yarda da inda bincikensa ya dosa ba, sai ta rubuta nata cikin dare a ɓoye, ta aika. Kyautar ta 1738 ta tafi ga Leonhard Euler da wasu mutum biyu, amma majalisar ta buga rubutunta da na Voltaire tare da na waɗanda suka ci.

Gudu sau gudu

A 1740 ta fitar da littafinta mai suna Institutions de physique, wanda ta tsara a matsayin darasi ga ɗanta mai shekara 13. Babinsa na ƙarshe ya shiga wata gardama da ta raba malaman Turai fiye da shekara hamsin: yaya ake auna ƙarfin da ke tattare da abu mai tafiya?

Mabiya Descartes da mabiya Newton sun haɗu a kan amsa ɗaya, wato a ninka nauyin abu da gudunsa. Bisa wannan, idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ma ya ninka biyu. Masanin Jamus Leibniz kuwa tun 1686 ya ce a'a, sai a ninka nauyi da gudu, a sake ninkawa da gudu. Ya kira abin da rayayyen ƙarfi. Bisa nasa lissafin, gudu biyu yana ba da ƙarfi huɗu, gudu uku yana ba da tara. Tunda Leibniz da Newton sun yi mummunar rigima a kan wanda ya riga ƙirƙiro sabon lissafin auna canji, goyon bayan Leibniz a wannan batu ya zama kamar juya wa Newton baya.

Émilie ta dubi hujjar gwaji. Wani malami a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, Willem 's Gravesande, wanda shi ma mabiyin Newton ne, ya buga sakamakon wani gwaji a 1722. Ya riƙa sakin dunƙulen tagulla masu girma ɗaya amma nauyi daban-daban a kan yumɓu mai laushi, yana auna ramin da kowanne ya yi. Tun zamanin Galileo an san cewa kafin abu mai faɗowa ya ninka gudunsa biyu, sai an sako shi daga tsayi ninki huɗu. Gwajin ya nuna cewa girman ramin yana bin nauyi da tsayin da aka sako dunƙulen. Mai nauyi biyu da aka sako daga rabin tsayi yana yin rami daidai da na mai nauyi ɗaya da aka sako daga cikakken tsayi. Ke nan dunƙulen da ya iso da gudu biyu rami huɗu yake yi. Yumɓu ya ba Leibniz gaskiya, 's Gravesande kuma ya sauya ra'ayi.

Émilie ta haɗa wannan gwaji da hujjojin Leibniz ta shimfiɗa su dalla-dalla, ta kuma ambaci sunan Dortous de Mairan, ta nuna inda wani rubutunsa a kan batun ya kuskure. Mairan ya zama sakataren dindindin na Majalisar Masana Kimiyya a daidai wannan lokaci. A farkon 1741 ya buga wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa gare ta, yana nuna kamar ba ta karanta shi da kyau ba, kamar kuma wasu ne suka juya mata tunani. Cikin 'yan makonni ta buga amsa, ta bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya da lissafi. Mairan bai sake mayar da martani ba. Voltaire, wanda suke gida ɗaya, yana ɓangaren Mairan a wannan gardama, hakan bai sa ta ja da baya ba.

An sake buga littafin a 1742, aka fassara shi zuwa Jamusanci da Italiyanci a 1743. A 1746 majalisar masana kimiyya ta birnin Bologna a Italiya ta ɗauke ta mamba, abin da ta Paris ba ta yi ba. Immanuel Kant, a littafinsa na farko da ya rubuta yana matashi a kan wannan gardama, ya tattauna musayarta da Mairan.

Daga baya ilimi ya gano cewa ɓangarorin biyu abubuwa biyu daban suke aunawa, kuma kowannensu gaskiya ne a muhallinsa. Nauyi sau gudu yana gaya wa mutum tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya tsayar da abu da wani ƙarfi. Nauyi sau gudu sau gudu kuwa yana gaya masa tsawon nisan da abin zai ci kafin ya tsaya, da kuma yawan aikin da zai iya yi ko ɓarnar da zai iya jawowa. Na biyun, bayan Coriolis ya raba shi biyu a 1829, shi ne abin da littattafan makaranta na Faransanci suke kira énergie cinétique. Ba Émilie ta ƙirƙiro shi ba. Abin da ta yi shi ne ta hana a binne shi a Faransa a lokacin da manyan masu faɗa-a-ji suka so a yi watsi da shi.

Abin da yake nufi a kan titi

Wannan lissafi yana aiki kullum a kan hanyar mota. A ɗauka wata mota tana gudun kilomita 40 a awa, direba ya taka birki, ta ci mita 10 kafin ta tsaya. Idan tana gudun 80 a kan titi ɗaya da birki ɗaya, lokacin tsayawar zai ninka biyu, amma nisan zai kai mita 40. A gudun 120 zai kai mita 90. Wannan ban da nisan da motar ke ci tun daga sa'ar da direba ya hango haɗari zuwa sa'ar da ƙafarsa ta taka birkin.

Haka abin yake wajen karo. Mai babur da ya daki bango yana gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10. Idan gudun ya kai 100, tsayin ya koma kusan mita 40. Direban da ya ƙara gudu kaɗan yana ganin kaɗan ya ƙara, alhali ƙarfin da jikinsa da na fasinjojinsa za su sha ya ƙaru fiye da haka sosai. Abin da dunƙulen tagulla ya yi wa yumɓu a Leiden shi ne ƙarfe ke yi wa ƙashi.

Tsere da ajali

Wajen 1745 ta fara babban aikinta, fassarar Principia. Littafi ne mai wuyar gaske. Newton ya rubuta hujjojinsa da zane-zanen da'ira da layuka irin na tsoffin malaman Girka, har ƙwararru ma suna wahala da shi. Fassara shi tana bukatar wanda ya iya Latin, ya kuma fahimci kowane mataki na lissafin, domin kuskuren kalma ɗaya zai iya rushe hujja gaba ɗaya. Ba ta tsaya a fassara ba. Ta rubuta sharhi mai tsawo da ke bayyana tsarin rana da duniyoyinta cikin sauƙi, ta sake warware wasu matsalolin Newton da sabon lissafin da malaman Turai suke amfani da shi a lokacin, ta kuma shigar da binciken da aka yi bayan Newton, kamar na Clairaut a kan siffar duniya da na Daniel Bernoulli a kan cikar teku da janyewarsa.

A 1748 tana fadar Lunéville, wurin Stanislas, tsohon sarkin Poland kuma surukin sarkin Faransa, ta haɗu da wani hafsan soja mai rubuta waƙoƙi, Saint-Lambert, ta sami ciki da shi. Sharhin bai kammala ba. Ta koma Paris a farkon 1749 domin ta kasance kusa da Clairaut, wanda ke duba mata lissafin, ta riƙa aiki daga safiya har tsakar dare. Da cikin ya tsufa ta koma Lunéville da takardunta, ta ci gaba da rubutu har zuwa kwanakin haihuwa. Ta aika rubutun zuwa ɗakin karatu na sarki a Paris domin a adana shi, ko da ba ta rayu ba.

Haihuwar ta zo da sauƙi, ta sami 'ya mace. Bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi ya kama ta, ta rasu a ranar 10 ga Satumban 1749, wata uku kafin ta cika shekara 43. Mijinta da Voltaire da Saint-Lambert duk suna fadar. An binne ta a cocin Saint-Jacques da ke Lunéville. Yarinyar, wadda aka sa wa sunan gidan mijin, ta rasu kafin ta cika shekara biyu.

Bayan rasuwarta

Littafin ya ɗauki shekara goma kafin ya fito cikakke. An saki wani ɓangare a 1756, sannan cikakken bugu mai juzu'i biyu ya fito a 1759, da gabatarwar Voltaire. Shekarar ta dace. Edmond Halley, wanda ya biya kuɗin buga littafin Newton na farko daga aljihunsa, ya yi hasashen cewa wata tauraruwa mai wutsiya da aka gani a 1682 za ta dawo bayan kusan shekara 76. Clairaut, tare da Lalande da wata masaniyar lissafi mai suna Nicole-Reine Lepaute, suka shafe watanni suna lissafa yadda jan manyan duniyoyi biyu, Jupita da Satan, zai jinkirta ta. Suka ce za ta fi kusantar rana a tsakiyar watan Afrilun 1759. Ta kusanto a ranar 13 ga Maris, bambancin wata ɗaya a tafiyar shekara 76. Daga nan guguwar Descartes ta rasa masu kare ta, kuma duk mai jin Faransanci da ya so ya san dalili, ga littafin a harshensa.

Na tsawon lokaci marubuta tarihi sun fi ambatonta a matsayin abokiyar zaman Voltaire. Sai a ƙarni na 20 aka koma ga littattafanta aka karanta su a matsayin nata. A yau akwai makarantu da tituna a Faransa masu ɗauke da sunanta, rubutun hannunta na fassarar yana ajiye a ɗakin karatu na ƙasa a Paris, kuma fassarar tata ce har yanzu masu nazarin Principia da Faransanci suke komawa gare ta.